Zuciyata ta yi rauni bayan haihuwa, ko zan warke?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Gombe, shekarata 27, haihuwata huɗu. Mako uku bayan haihuwar nan ta ƙarshe ƙafafuna suka kumbura, na fara haki, da dare ba na iya kwanciya sai na jingina da bango. A asibiti aka yi mini hoton zuciya, aka ce ta buɗe kuma ta yi rauni, aka ba ni magunguna. Yau wata biyu ke nan, kumburin ya sace, na ji sauƙi sosai. Uwar mijina ta ce sanyi ne ya shige ni don ban yi wankan jego yadda ya kamata ba, mahaifiyata kuma ta ce baƙin ciki ne. Shin zan warke? Zan iya daina shan maganin tunda na ji sauƙi? Likitan ya kuma ce kada in sake ɗaukar ciki yanzu, na rasa yadda zan gaya wa maigidana.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya raya abin da aka samu, ke kuma Ya ba ki lafiya. Zan fara da tambayarki ta tsakiya don ita ce ba ta jira. Kada ki daina shan maganin nan, ko da kin wayi gari kina jin za ki iya surfa kwano goma na masara. Dalilin yana tafe, amma sai kin fara sanin abin da ya sami zuciyar taki.

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannunki ba, kuma tana bugawa wajen sau dubu ɗari a kowace rana tana tura jini zuwa ko'ina a jiki. Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya ta yi ta dakon wannan ƙarin kaya har a sauka. A jikin wasu mata, wajen ƙarshen cikin ko a watannin farko bayan haihuwa, sai tsokar ta saki kamar robar siket da ta sha wanki. Ta yi faɗi, amma ba ta iya matsewa da ƙarfi. Abin da ake nufi ke nan da aka ce miki ta buɗe. Hoton da aka yi miki, wanda ma'aikatan asibiti ke kira eko, yana auna kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowace bugawa. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. A irin ciwonki abin yakan gaza 45, kuma muna ganin matan da ke zuwa da 25 ko ƙasa da haka. Jinin da aka kasa turawa yakan taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu da ƙafafu da ciki. Shi ya sa kika yi haki, shi ya sa kwanciya ta gagare ki, domin idan kin miƙe ruwan da ya taru a ƙafa yakan komo ƙirji. Ranar da kika koma asibiti ki tambayi likitanki nawa aka samu a hotonki, ki rubuta a bayan katinki. Wannan lambar za ki riƙa bi nan gaba.

A cikin magungunan da aka ba ki akwai na fitsari, galibi Lasix ne. Shi ne ya kwashe ruwan, shi ya sa kika ji sauƙi cikin 'yan kwanaki. To amma aikinsa kamar na mai kwashe ruwa ne daga ɗakin da ke yoyo a tsakiyar damina: ɗaki ya bushe, rufi na nan yadda yake. Masu gyaran rufin su ne sauran ƙananan ƙwayoyin, irin su bisofurolol ko kabedilol, da enalafiril, da sifironolakton. Suna rage wa zuciya nauyi, su sa ta bugu a hankali, su ba tsokar damar murmurewa. Aikinsu na watanni ne, kuma ba a jin sa a jiki. Abin takaici, su ne mata suka fi saurin watsarwa. Mace za ta ce mini, "Likita, na fitsarin ne kawai nake ganin amfaninsa, shi nake saya." Na taɓa duba wata baiwar Allah daga wajen Dukku, ta zo ranga-ranga, ta tashi, muka sallame ta tana dariya. Da kuɗin magani ya ƙare, ga shi ta ji garau, sai aka ce ai ta warke. Wata huɗu bayan haka aka dawo da ita a bayan mota, a zaune, don ko kishingiɗa ba ta iya yi, lambar hotonta kuma ta faɗi ƙasa da yadda ta fara zuwa. Ta rayu, amma zuciyar ba ta koma daidai ba har rabuwarmu.

Batun warkewa, ba zan yi miki daɗin baki ba. Akwai matan da zuciyarsu ke komawa daidai kamar ba a yi ba, yawanci cikin wata uku zuwa shida, wasu sai shekara ɗaya ko biyu. Akwai waɗanda takan farfaɗo amma ba duka ba, su rayu shekaru masu yawa suna shan magani, suna renon 'ya'yansu, suna sana'arsu. Akwai kuma waɗanda ciwon ke zama ajalinsu, kuma a abin da na gani, mafi yawansu ko dai an kawo su a makare, ko sun bar magani, ko sun yi kwanika zuciyar ba ta farfaɗo ba. Yadda kika tashi cikin wata biyu alama ce mai kyau. Sai dai hoton da za a sake yi miki wajen wata shida shi ne zai faɗi inda kika tsaya, kuma ko an ce ta koma daidai, likita ne zai rage maganin sannu a hankali yana dubawa.

Sai maganar Hajiya uwar mijinki. Ciwon nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Binciken da aka yi a Sakkwato da Kano ya nuna ana samunsa a wajen haihuwa ɗaya cikin ɗari, alhali a Amurka sai an yi haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu huɗu kafin a sami mace ɗaya. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka yi rubutu a kansa. Abin mamaki, su akasin maganar Hajiya suka faɗa: sun ɗora zargi a kan wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka bi mata masu ciwon a asibitoci da dama na Najeriya, kuma a sakamakon da suka fitar a 2020 ba su ga cewa wanka ko kunun kanwa ne ke haddasa shi ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rama, da rashin aikin yi, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga. Sun kuma gano cewa da yawa daga cikin matan suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna sileniyam.

Ke nan rashin wanka bai jawo miki komai ba, ki cire wannan daga ranki. Amma ga inda nake tsayawa: ko da wanka da kunu ba su ne tushen ciwon ba, suna iya kayar da zuciyar da ta riga ta raunana. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Ruwa mai tsananin zafi kuma yana buɗe jijiyoyi, ya sa zuciya gudu, ga maganin da kike sha yana saukar da jini. Mace na iya yanke jiki ta faɗi a bayan gida. Na san kin yi arba'in, amma na san gidajen da ake ci gaba da wankan yamma da kunun har wata uku. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, kunun kanwa kuwa ki haƙura da shi. Ki bi Hajiya da lalama. Ita abin da ta gada take yi, da shi ta yi jegon mijinki, kuma don tana son ki ne take faɗa.

Ita kuma Inna da ta ce baƙin ciki ne, harshenmu ne ya ja ta. A Hausa zuciya ɗaya ce ke fushi, ita ke so, ita ke ciwo; uwa ma takan ce wa ɗanta "za ka sa mini ciwon zuciya". Shi ya sa duk macen da aka ce tana da ciwon zuciya, sai dangi su juya su kalli miji ko kishiya. Na ga auren da ya girgiza a kan wannan, dangin mace suka zo ɗaukar 'yarsu alhali mijin shi ke sayar da awakinsa yana sayen magani. Damuwa tana iya ɗaga jini, tana hana barci, amma ba ita ke sa tsokar zuciya ta saki bayan haihuwa ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ciwon ya zo da nasa baƙin cikin. Mace ta kwana tana sauraren bugun ƙirjinta, tana kallon jaririnta tana tunanin wa zai riƙe shi. Idan kin ga kuka ya yi miki yawa, abinci ya fita ranki, ko renon yaron ya zame miki nauyi, ki faɗa wa likitanki. Shi ma yana da magani.

A zaman gida kuwa, babban yaƙin a bakin murhu yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum, mai lafiya ma, ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duka har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ki duba tukunyarmu: gishiri, dunƙule huɗu ko biyar, kanwa a miyar kuka da kuɓewa da ɗanwake, sannan a barbaɗa yaji wanda shi ma an daka shi da dunƙule. Ga garin da ke cikin ledar taliyar yara, ga kifin gwangwani, ga kilishi. Cewa mace ta riƙa girki biyu kullum magana ce ta wanda bai taɓa hura wuta ba. Dabarar da na ga tana yi wa mata aiki ita ce a haɗa miya da albasa da tafarnuwa da citta da attaruhu da daddawa, idan ta nuna ki ɗebi taki a ƙaramin kwano, sannan a zuba wa sauran gida gishirinsu. Idan ranar girkin abokiyar zama ce, ki roƙe ta wannan alfarmar, ko maigida ya roƙa miki. Makon farko za ki ji abincin salam, daga baya harshe ya saba. Ruwan sha kuma, idan likita ya ƙayyade miki lita ɗaya da rabi, ledar fiya-wata guda uku ke nan, kuma kunu da shayi da fura duk suna cikin lissafi. Lokacin zafin Maris da Afrilu na Gombe, idan kina jin jiri in kin miƙe tsaye, ki koma a duba, wataƙila maganin fitsarin ne ya yi yawa.

Wani abin da mata ke kuka da shi, ciwon ba ya nunawa a fuska. Da kumburi ya sace sai a ga mace fes, a fara cewa son jiki ne, raguwa ce, wance ma ta haihu jiya ga ta tana daka. Mu kuma an raine mu da kara da dauriya, musamman a gidajen Fulani inda faɗin "na gaji" a gaban surukai abin kunya ne. Daka da surfe da jan guga da ɗaukar jarka a ka, ki bar su tukuna. Ba kuma cewa na yi ki kwanta ki zama kayan ɗaki ba. Ki riƙa zagaya tsakar gida safe da yamma, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan, ma'auninki shi ne ki iya tafiya kina magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Idan ruku'u da sujada suna tayar miki da haki, ki yi sallarki a zaune. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba marar lafiya wannan sauƙin. Azumi ma Alkur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ga shi kina shayarwa. Kafin watan ya kama ki zauna da likitanki, kada ki tattara magungunan yini ki haɗiye su gaba ɗaya da sahur.

Abu biyu nake so ki ji tsoronsu. Na farko maganin ciwon jiki na kemis, irin su dikulofenak da ibufurofen, da haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna. Suna riƙe ruwa, suna taɓa ƙoda. Idan ciwon kai ne ko na jiki, farasitamol ya ishe ki. Na biyu ƙarin ruwa. Al'adarmu ce da an ga mace ta yi laushi a kira wani ma'aikacin lafiya na unguwa ya rataya mata leda a ƙusa. Ga mai irin ciwonki, leda biyu na iya cika huhu da ruwa cikin sa'a guda. Duk wanda zai sa miki allura ko ruwa, ki fara gaya masa kina da ciwon zuciya. Addu'a da tofi ba su taɓa karo da magani ba, ki riƙe su. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da kayan gyaran jego da ake tallatawa a waya, ki ajiye. Nono kuma ki ci gaba da bayarwa muddin likitanki bai hana ba. An san magungunan da suka dace da mai shayarwa, kuma waɗanda jikinsu ya yi tsanani ne ake sa su tsayar da shi.

Saura maganar da na san ita ta fi hana ki barci. Likitanki gaskiya ya faɗa miki. Sabon ciki zai sake ɗora wa zuciyar wannan ƙarin jinin tun ba ta tashi ba. Idan hoto ya nuna ba ta koma daidai ba, ciki na iya zama sanadin rai, kuma likitocin zuciya a ko'ina shawararsu ɗaya ce: kada a ɗauka. Ko ta koma daidai, ciwon na iya dawowa, sai dai haɗarin ya ragu, kuma ana iya bin cikin da awo na musamman a babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Ƙari a kan haka, enalafiril da danginsa suna cutar da ɗan tayi, don haka idan kin ga ɓatan wata, a ranar za ki je asibiti a canza miki. Kada ki dogara da cewa shayarwa za ta tsare ki, mata nawa suka yi kwanika da goyon wata biyar. A sashen tazarar haihuwa ki gaya musu ciwonki, domin ƙwayar da ake sha kullum mai haɗin sinadari biyu ba ta dace da ke ba, tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Ashanar da ake sawa a dantse ko robar mahaifa sun fi dacewa, kuma duk ranar da aka cire su haihuwa na dawowa.

Shi kuma maigida, shawarata kada ki ɗauki wannan saƙon ke kaɗai. Idan daga bakinki ya fito, wani namijin zai ji kamar gudun haihuwa kike, idan ya kai wa mahaifiyarsa kuma maganar ta canza kama. Ki sami lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa, "Baban yara, likita ya ce yana son ganinka ranar da zan koma, akwai bayanin da ya ce sai da kai." Iyakar abin da za ki faɗa ke nan, sauran aikinmu ne. Na zauna da maza da yawa a kan wannan, 'yan kasuwa da manoma da malamai, kuma kaɗan ne ƙwarai suka ƙi bayan an juya musu allon na'urar sun ga zuciyar matarsu tana motsi da ƙyar. Wani dattijo daga Kumo ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, can ya ce, "Ashe haka take fama, ni ina cewa ta tashi ta ɗora tuwo." Shi da kansa ya riƙa kawo ta duk wata a kan babur. Na san abin da ke ƙasan ranki, tsoron kada a ce tunda haihuwa ta tsaya bari a ƙaro wata. Ba ni da maganin wannan a aljihuna, kuma ba zan ce miki ba ya faruwa ba. Abin da zan iya cewa, yara huɗu suna buƙatar uwarsu a raye, kuma ba a ce kin gama haihuwa ba, an ce a jira hoto. Idan akwai kunyar tambaya a gabansa game da kwanciyar aure, amsar ita ce ba a hana ba, da zarar kina iya tafiya da ɗan sauri ba haki, kuma an riga an yi tsarin tazara. Idan Hajiya za ta yarda ta biyo ku ranar, ya fi kyau, don ita ke da iko da tukunya da ruwan wanka.

Kafin ranar, ki lura da jikinki. Idan akwai sikeli kusa, ki riƙa hawa da safe. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ke taruwa. Idan babu, zobe da takalmi da yawan matashin da kike tadawa da dare za su gaya miki. Haki kina zaune, tari mai kumfa ko mai jini-jini, suma, ciwon ƙirji, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, waɗannan ba a jiran gari ya waye a kansu. Zuciyar da ta raunana jini na iya daskarewa a cikinta ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba wasu maganin tsinka jini.

Idan kuɗin magani ne ke neman gagara, ki faɗa wa likitan ƙarara, ya san masu sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya, ya kuma san wanda ba a taɓa bari. Ku tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, GoHealth. Ranar komawa ki zuba duk magungunanki a leda, har da fankon waɗanda suka ƙare da duk wani abin da aka ba ki a gida, ki haɗa da takardar hoton farko, ku tafi da su tare da Baban yara.